Abincin Dofan da Tukwanen Rakiya

Duk lokacin da muka haɗu a gidan suna ko taron ƴan ƙasa a Bron, nan gefen Lyon, sai wani daga cikinku ya matso ya ce, "Tonton Lawali, ashe kai aikinka ka zuba abu a inji, ka danna, ka tafi shan kafe?" Ina jin ku, ina kuma ganin yadda kuke ƙunshe dariya. Ku da aka haifa a nan, komai a wurinku dannawa ne. To bari in rubuta muku yadda aikin yake. Wanda ya karanta ya ga da sauƙi, ya same ni a labo, ɗakin bincikenmu, da safe, amma kada ya cika ciki kafin ya zo, don wari ne zai fara gaishe shi tun daga matakala.

Aikina shi ne gano abin da dofan yake ci. Dofan dabbar teku ce mai siffar kifi, amma ba kifi ba ce. Iska yake shaƙa, uwar kuma nono take ba ɗanta, kamar ayu. Ni ɗan Damagaram ne, ban san teku ba sai da na zo Faransa, kuma har yau ban taɓa ganin dofan mai rai ba sai a telebijin. Abin da ke isowa hannuna ɗan yanki ne na nama ko na fata, daga waɗanda suka maƙale a ragar masunta suka mutu, ruwa ya turo su gaɓa.

In ka buɗe cikin dabba, abincin jiya kawai za ka gani. Nama kuwa yana riƙe labarin watanni. Akwai sinadarai biyu a jikin kowane mai rai, karbon da azot, kuma kowannensu yana da mai nauyi da marar nauyi, su ake kira izotof. Duk dabbar da ta ci wata, azot mai nauyi yana ƙaruwa a jikinta, saboda haka mai cin manyan kifaye ya fi mai cin ƙanana. Karbon kuma wurin kiwo yake nunawa, na bakin gaɓa ya fi na tsakiyar teku nauyi. Iyakar ilimin da kuke buƙata ke nan don ku bi ni. Abin da ya rage aikin hannu ne, kuma a nan ake shan wuya.

Aikin farko da Musye Bernar ya ba ni a Paris shi ne naɗe kwanon da babu komai a ciki. Bernar shi ne mai kula da manyan firigo, na'urorin sanyi da ake ajiye naman dabbobin teku a wani labo can, gajeren mutum mai gashin baki, wanda bai iya amsa gaisuwa ba. Na shiga wurin a matsayin mai wanke kwalabe, farkon shekarun dubu biyu, bayan karatun da ya kawo ni ya tsaya a hanya. Ina kwana a Stains wurin wani ɗan garinmu, in kama bas zuwa Porte de la Chapelle, in shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, in iso sanyi ya gama ratsa ni. Kwanon da nake faɗa na kuza ne, mai laushi, bai wuce girman wake ba. A cikinsa ake zuba garin nama, a naɗe da matsefata biyu har ya zama ɗan dunƙule, a ba inji ya ƙone. In ka matse da yawa ya yage, gari ya zube. In ka yi sako-sako ya maƙale a maƙogwaron inji, aikin yini ya tashi a banza. Na yi makonni ina naɗe iska, Bernar ya zo ya ɗaga a gaban fitila, ya watsa a shara, ya wuce bai ce mini ci kanka ba.

Da ya yarda na taɓa sikeli, sai na gane naɗewa hutu ce. Garin da ake aunawa bai kai nauyin ƙwayar riɗi ba. Sikelin yana cikin akwatin gilashi, in ka yi numfashi da ƙarfi lambobi su kama rawa, in wani ya buga ƙofa ka koma farko. Ba a taɓa komai da hannu, don zufar yatsanka ma tana da nata karbon. Wata rana na gutsuri burodi kusa da teburin, Bernar ya kore ni waje kamar akuyar da ta shiga rumbu. Da na dawo sai ya zo da almakashi ya ce in sunkuya. Ya yanki gashina, ya yanki nasa, ya wanke su ya sa a inji. Washegari ya nuna mini lambobi biyu, tawa can sama, tasa can ƙasa.

Ya ce, "Me kake ci a gida?"

Na ce tuwon masara da fura, kusan kullum.

Ya ce, "Ga su nan. Kai gero ne, ni alkama ce."

Gero da dawa da masara da rake, in ji shi, karbonsu ya fi na alkama nauyi nesa ba kusa ba, ya ma fi na kifayen tekun nan. Kuma inji ba ya tambayar daga ina abu ya fito. Duk abin da ka ba shi zai auna, ya ce maka na dofan ne.

Bayan wasu shekaru aka sayi sabon inji a wani labo a Lyon, ana neman mai riƙe shi, Bernar ya turo ni. Shugabar wurin wata farfesa ce, muna ce mata Madam kawai. Ba ta ɗaga murya, amma in ta cire tabarau ta ajiye a tebur, kowa ya san akwai magana. Masu kawo mana aiki kala-kala ne. Akwai mai ƙashin mutanen da, akwai mai gashin tsuntsu, akwai mai zuma da ke son a gane ko an haɗa masa da sikarin rake. Kowannensu yana son sakamako jiya, kowannensu kuma in lambobi ba su yi masa daɗi ba, injina ne ya lalace. Shi ya sa nake jefa gwaji a tsakanin samfuransu, wato garin da duniya ta riga ta san lambarsa. In gwaji ya fito daidai, sai mai ƙorafi ya je ya nemi laifi a gidansu.

Aikin da kowa ke gudu shi ne niƙa. Ana busar da nama har ya yi kamar kilishi, sannan a sa shi a ƴar tukunyar ƙarfe mai ƙwallo a ciki, a rufe da murfi mai zoben roba, inji ya yi ta girgizawa har ya zama gari. Naman dofan mai ne da shi, kuma man yana da ƙarni mai naci. Ka wanke tukunya da sabulu, ka goge da alkol, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta, ka shanya, gobe ka buɗe ƙarnin ya ce maka ina kwana. Saboda ƙara da wari aka kai injin niƙan wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, inda ba mai zuwa sai wanda ya zama dole. Bayan niƙa ne ake jiƙa garin a wani ruwan magani da ke cire mai, a sake busarwa, a hauro da shi sama wurin sikeli.

Rakiya ta zo mana daga Maraɗi don yin tez, wato binciken digirin dokta, a ƙarƙashin Madam. Yarinya ce doguwa mai saurin magana, tana zaune wurin gwaggonta a Bron, jirgin cikin gari ɗaya muke shiga, wato taram. Tun ranar farko ta ce mini Tonton, wato kawu, ni kuma na ce mata ɗiyata. Tambayar tez ɗinta ita ce, shin dofan na tekun yamma sun canza abinci daga shekarun baya zuwa yanzu? Garin tsofaffin dabbobi yana nan, ni da Bernar muka niƙa shi tuntuni a Paris. Na sababbin kuwa ita za ta niƙa da hannunta a Lyon. Ban taɓa ganin ɗaliba mai tsabta irinta ba. Teburinta kullum tas, matsefatanta a jere, rigar aikinta a goge.

Da lambobi suka taru, abin ya ba kowa mamaki. Sababbin dofan karbonsu ya yi nauyi, azot ɗinsu ya ragu. Ma'anarsa a fili take: manyan kifaye sun yi ƙaranci, dofan sun matso gaɓa suna kalaci da ƙanana. Babban labari ne. Rakiya ta je wani taron masana ta faɗa, aka tafa mata, wani labo a ƙasar waje ya ce yana jiranta da aiki in ta gama. Aka tsayar da lokacin sutanans, ranar da za ta kare tez ɗinta a gaban malamai. Gwaggonta har ta fara zancen wa zai soya kaji.

Sai wani daga cikin malaman da za su yi mata hukunci ya nemi a sake auna wasu dabbobi a wani wuri, don tabbatarwa kawai. Bernar ya yanki naman waɗannan dabbobin daga firigo, ya niƙa a Paris, aka auna. Lambobin ba su yi kama da na Rakiya ba ko kaɗan. Dabba ɗaya, nama ɗaya, amsa biyu.

Madam ta kira mu ofis, ta cire tabarau. Ta fara da ni, kuma daidai ne ta fara da ni. Na kawo mata gwaje-gwajena na duk lokacin, ba wanda ya kauce. Na kwance injin, na canza bututu, na nemi inda iska ke shiga, na sake auna garin Rakiya. Lambobinta suka dawo kamar yadda ta rubuta su. Wannan ya wanke injin, ya kuma nuna ba ta murɗe lissafi ba, amma bai wanke ta ba. Tunda garin da kansa ne ya bambanta, to wani abu ya shiga cikinsa, kuma ya shiga ta hanyar da ta ba da daidai amsar da ke ɗaukaka mai binciken. Ba wanda ya furta kalmar maguɗi. Amma ɗalibai sun daina zama kusa da ita wurin cin abinci.

Madam ta ce mata a gabana, "Rakiya, ba na tuhumarki. Amma ba zan sa hannu a kan abin da ban gane ba. In lokacin miƙa tez ya yi ba mu san abin da ya shiga garin nan ba, babu sutanans."

Rakiya ta ce to, ta fita. A taram da yamma ta riƙe ƙarfe tana kallon waje, sai da muka kusa sauka ta ce, "Tonton, wallahi ban san mi na yi ba." Na yarda da ita, kuma tsoro ya kama ni, don yarda ba ta shiga inji.

Muka bi komai ɗaya bayan ɗaya. Ruwan cire mai, sabo da tsoho. Kwanonin kuza. Safar hannu, ko hodar cikinta ce. Takardar goge tebur. Man da take shafawa a hannu, har lallen da ta yi da salla sai da na kankaro na auna. Babu. Kwanaki suna tafiya, yarinya tana ramewa, ni kuma na koma yi wa kowa faɗa, har mai kawo mana tulun gas ya tambayi ko lafiya. Madam ce ta lura da abin da ya buɗe hanya. Ta zo ta tsaya a bayana tana duban lambobi, ta ce karbon ya yi yawa a garin in an gwada shi da azot. Yawanci mai ne ke kawo haka, amma mai yana sa karbon ya yi sauƙi, wannan kuwa nauyi ya yi. Ta ce, "Kamar zumar da aka zuba wa sikarin rake. Wani tsiro ne, Lawali, dangin rake ko masara. Amma me zai kawo masara cikin dofan?"

Na sauka ɗakin niƙa ni kaɗai, ba don ina da wata dabara ba, sai don shi ne kawai wurin da ban juye ba. Tukwanen kowa suna jere a kanta, kowa da alamarsa. Na buɗe na wani ɗalibi, ƙarni ya buge ni. Na buɗe na wani, haka. Na buɗe na Rakiya, na kai hanci, ban ji komai ba. Na sake shaƙa. Shekaruna nawa ina wanke irin tukwanen nan, ban taɓa raba su da wari ba. Na sa matsefata na ɗaga zoben robar murfin. A ƙarƙashinsa akwai wani siririn layi na gari, fari-fari, ba launin nama ba.

Na kira ta ta sauko. Na ce, "Ɗiyata, da me kike wanke tukwanenki?"

Ta ce, "Sabuni da alkol, kamar kowa."

"Kafin sabulun fa?"

Sai fuskarta ta ɗan saki, karo na farko cikin makonni, irin sakin fuskar wanda aka tambaya abin da ya iya. Ta ce, "A'a, wanga ai dabarar Inna ce. Dusa nika sawa. In na zuba dusar gero na bar inji ya kaɗa ta kaɗan, sai ta shanye man duka, ƙarnin ya tahi. Haka muke ma kwanon miya a gida. Gwaggo na surfe, ni ko in ɗebo dusar. Amma ina wankewa bayan nan, Tonton, ina gogewa da alkol sosai."

Tana cikin maganar ta ga abin da ke bakin matsefatana. Ita ma ta san darasin gero, ta karanta shi, ta ci jarrabawa a kansa. Sai dai a kanta gero na littafi daban, dusar wanke kwano daban, ba ta taɓa haɗa su ba, kamar yadda ba wanda ke lissafa soso cikin kayan miya. Alkol yana narkar da mai, ba ya narkar da gari. Ruwan cire mai ma haka. Duk lokacin da ƙwallo ya fara dukan murfi, dusar da ta ɓuya a ƙarƙashin roba sai ta zubo cikin nama. Ta jingina da bango, ta zame har ƙasa.

Na ce ta tashi mu je wurin Madam. Ta ce ba za ta ba.

"Tonton, ka san mi za su ce? Ƴar Afirka ta zuba ma inji dusa. Har in mutu da shi za a san ni. Ko'ina na tahi, sai an yi dariya."

Na ce, "Yanzu me suke cewa?"

Ban jira amsarta ba.

"Yanzu ɓarauniya suke ce miki a zuci, ba su dai furta ba. Dariya tana ƙarewa, wannan ba ya ƙarewa. Kuma ni ba zan je in faɗa a madadinki ba, tukwanenki ne, tez ɗinki ce. Amma ba zan koma sama in ci gaba da kwance injina ina neman abin da na riga na gani ba."

Na yi mata tsawa fiye da yadda ya kamata a yi wa mai kuka, na sani. Na haye sama na bar ta. Ina zaune gaban sikeli ban auna komai ba, ina sauraren matakala. An daɗe kafin na ji takunta. Ba ta tsaya wurina ba, ta wuce kai tsaye ta ƙwanƙwasa ƙofar Madam, da ƙullin dusar a hannunta.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta saurara har ƙarshe, ta karɓi ƙullin, ta miƙo mini ta ce in auna dusar ita kaɗai, sannan in haɗa kaɗan da garin Paris in auna. Haɗin ya fito daidai inda lambobin Rakiya suke. Madam ta ce, "To, yanzu na gane. Amma binciken ya mutu, ki sani. Ke za ki rubuta wa mutanen taron nan ki janye abin da kika faɗa." Rakiya ta tambaya ko za a iya cire rabon dusar da lissafi. Madam ta ce a'a, ba wanda ya san nawa ya shiga kowace tukunya. Hanya ɗaya ta rage, a samo ɗanyen nama a sake daga farko. Ta ce za ta roƙa a ɗaga sutanans sau ɗaya, ba za a ɗaga sau biyu ba.

Muka kama jirgin ƙasa zuwa Paris da akwatin ƙanƙara. Bernar ya tsufa, yana shirin ajiye aiki, amma halinsa na nan. Ya saurari labarin, ya dubi Rakiya, ya dube ni, ya ce, "Gero kuma." Daga nan ya sa safa mai kauri ya shiga tonon firigo. Dabbar da ta mutu ba ta sake ba da nama. Wasu an riga an rabar da nasu ga masu bincike, babu ko ƙyalli. Wasu abin da ya rage bai wuce ƙwayar gyaɗa ba, kuma doka ta ce a bar wani abu a ma'ajiya. Bernar yana yanka yana gunaguni, yana raba gyaɗa biyu. Ya ce wa Rakiya, "Wannan niƙa ɗaya ne. In ya zube, kada ki dawo, babu." Abin da muka samu ya ɗan haura rabin dabbobinta. Madam ta riga ta ce in ya gaza rabi, lissafin ba zai tsaya ba.

A hanyar dawowa jirgin ya tsaya a tsakiyar gonaki, lokacin zafi ne, aka ce wata matsala ce a layi. Rakiya ta rungume akwatin a cinya, ta cire mayafinta na sama ta lulluɓe shi. Ba ta yarda a buɗe a duba ba, don buɗewa na cinye sanyi. Wata tsohuwa a gefenmu ta tambaya ko magani ne a ciki, Rakiya ta ce e. Da muka iso Lyon ƙanƙarar ta kusa ƙarewa, amma naman da sauran tauri.

Ba mu sake amfani da injin niƙa ba. Da ɗan turmin dutse muka daka kowane yanki, da hannu, ita na daka ni ina wanke turmi tsakanin dabba da dabba. Wari ya kama rigunanmu har mutane na matsawa a taram. Labarin dusa kuwa ya zaga, kamar yadda ta faɗa. Wani ɗalibi ya ajiye mata ƙunshin hatsin tsuntsaye a tebur, na ɗauka na kai masa har kujerarsa, na gaya masa abin da ba zan rubuta a nan ba. Labon ƙasar waje ya aiko cewa ya ba wani gurbin. Ita dai ba ta ɗaga kai daga sikeli ba. Akwai dabbar da garinta bai isa kwano biyu ba, na ga ta ajiye matsefata, ta yi bisimilla, ta sake ɗauka.

Ranar da muka ɗora kwanonin a inji, mu uku, ni da ita da Madam, muka tsaya gaban allo. Inji yana haɗiye ɗaya, ya ƙone, ɗigo ya fito. Na farko ya faɗa cikin tsofaffin dofan. Na biyu ma haka. Aka yi ta yi, duk suna faɗawa wuri ɗaya. Dofan ba su matso gaɓa ba, ba su koma cin ƙananan kifaye ba, abin da iyayensu suka ci shi suke ci. Shekarun Rakiya duka sun tattaru a kan magana ɗaya, cewa babu abin da ya canza. Ta ce alhamdu lillahi a hankali, kuma na san ba daɗi ne ya sa ta faɗa ba. Madam ta mayar da tabaranta ta ce, "Wannan zan sa wa hannu."

An yi sutanans kusan shekara bayan lokacin da aka fara tsayarwa. Malamin da ya nemi a sake awo ya tambaye ta me ya sa sakamakon farko ya bambanta. Ta tsaya a gaban cikakken ɗaki ta faɗi sunan dusa, ta bayyana yadda ake surfe, ta nuna hoton zoben roba. Wasu sun murmusa. Ta jira suka gama, ta ci gaba. Suka fita shawara, suka dawo suka ce ta zama dokta.

Muna tsaye a baranda gwaggonta na raba kaji, sai wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarta ce daga Maraɗi. Hannun Rakiya da maiƙo, ta ce in riƙe mata wayar in buɗe murya. Tsohuwa ta yi guɗa, ta yi addu'a, ta gaishe ni da ɗawainiya. Sannan ta ce, "To ke ko mi ya tsai da ke har shekara guda?"

Rakiya ta ce, "Aiki ne ya yi yawa, Inna."

"To madalla, tunda an gama. Ina dai fata ba ki bar ma mutane kayan aikinsu da ƙazanta ba. Kin wanke musu yadda na koya miki ko?"

Gwaggo ta daina raba kaji. Rakiya ta dubi wayar a hannuna.

Ta ce, "Na wanke, Inna. Tas na wanke."